Rumbun Toranke da Aljihun Ɗan Boko

A watan Afrilu na shekarar 1978 ɗaliban jami'o'in ƙasar nan suka yi bore, saboda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini guda, watau daga naira 1.50 zuwa naira 2. Aka fita tituna ana neman a tsige kwamishinan ilmi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. Aka yi harbi a Legas, aka yi a Samarun Zariya, rayuka suka salwanta, kana aka soke ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa baki ɗaya. Duk ɗalibin da ya san tarihin ƙungiyarsa ya san wannan labari, kuma yana da dalilin yin alfahari da shi. Amma akwai abin da ba mu cika lura da shi ba a cikinsa. Ɗaliban wancan zamani makaranta ce ke dafa musu, su miƙa tikiti a zuba musu. Rigimarsu a kan farashin tikitin ce kurum. Mu kuwa babu mai dafa mana. Ɗakin cin abinci mai rangwame ya mutu tun cikin shekarun 1980, ya bar kowane ɗalibi da risho da tukunya da lissafin kansa.

Mun gaji ihu daga yayyenmu na 1978, kuma muna yinsa yadda ya kamata. Abin da ba mu gada daga gare su ba shi ne riƙon tukunya, domin su ma ba su riƙe ba. Maganar da nake so in kafa a wannan shafi ita ce, wannan ilmi na riƙon abin hannu, wanda Bahaushe ke kira tsimi da tanadi, yana nan a gidajen da muka fito. Iyayenmu na Toranke da Chula da Balare da sauran garuruwan ƙasar Ajingi da Gaya sun ƙware a kansa, alhali da yawansu ba su taɓa zama a aji ba. Mu 'ya'yansu da aka tura neman ilmi, mu ne muke ajiye shi a bakin ƙofar jami'a kamar wani abin kunya, sa'an nan mu fito da digiri da bashi.

Ba sai na tsawaita wajen bayyana halin da ake ciki ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Dalar Amurka da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin ɗari a watan Yunin 2024 in aka gwada da Yunin 2023. A gefe guda, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, Jihar Kano ta ɗora dubu ɗaya ya zama 71,000. Raba wannan gida talatin, ka ga naira 2,300 da 'yan kai a yini. Ɗalibin da ya sami alawus ɗin naira 20,000 a wata daga asusun rancen ɗalibai da aka buɗe a 2024, shi kuwa bai kai naira 700 a yini ba.

Na san abin da wani ɗan'uwa zai ce tun bai ƙarasa karanta wannan ba. Zai ce, wane tsimi kuma za a yi da naira 700? Zai ce wa'azin ɗaure ciki tsohuwar dabarar masu mulki ce, su ɓarnatar da dukiyar ƙasa sa'an nan su juyo su ce talaka ya yi haƙuri. Gaskiyarsa. A 1975 jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas maƙare da simintin da gwamnati ta yi oda fiye da kima, ana biyansu kuɗin jira. A 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta fito da dokar tsuke bakin aljihu bayan farashin mai ya faɗi. A 1986 Janar Ibrahim Babangida ya zo da shirin SAP. Kowane karo an ce a ɗaure, kuma kowane karo cikin da aka ɗaure ba na masu maganar ba ne. Babu yawan tsimin da zai mayar da litar mai naira 200, kuma wanda ya ce wa mai 'ya'ya shida da albashin 71,000 wai rashin tattali ne ya jefa shi cikin wahala, to ya ci masa mutunci. Amma fa lissafi biyu ne. Akwai wanda ke tsakaninmu da gwamnati, wannan ba za mu yafe ba. Akwai kuma wanda ke tsakanin mutum da aljihunsa, wanda dole ya yi shi yau da dare, ko gwamnati ta gyaru ko ba ta gyaru ba. A kan na biyun nake magana.

Tarihin ma'aikatan ƙasar nan ya nuna cewa yawan kuɗi shi kaɗai ba ya koya wa mutum riƙonsu. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙara albashi, aka kuma biya ma'aikata bashin watanni a dunƙule a farkon 1975. Tambayi duk tsohon ma'aikacin da ya ga lokacin ya ba ka labarin rediyo da babur da ƙarin aure. 'Yan kasuwa suka ga banza ta faɗi, kaya suka tashi, tsada ta haura kashi 30 cikin ɗari a wannan shekara, kafin a ankara ƙarin ya narke. Manomin da bai sami Udoji ba shi ma ya sha tsadar, sai dai shi hatsinsa na rumbu.

Bari mu tsaya a kan rumbun nan, domin shi ne makarantar da nake cewa mun guje wa. Mutumin Toranke albashinsa sau ɗaya ne a shekara, da kaka. Gero ya shigo, dawa ta biyo baya, ga wake da gyaɗa da riɗi. Daga wannan lokaci har wata kakar babu wani ma'aji da zai kira shi. Saboda haka ba ya sussuke hatsinsa gaba ɗaya. Yakan ɗaure shi dami-dami ya zuba a rumbu da zangarniyarsa, domin a haka ya fi jure wa ƙwari, shawarar da Annabi Yusufu, alaihis salam, ya bayar a Masar tun fil azal. Rumbun kansa a kan duwatsu ake ɗora shi saboda gara da danshi. Maigida ya san dami nawa ya shiga, ya san bakuna nawa ke gidansa, ya san dami guda kwana nawa yake yi. Kullum abin da za a ci ake fitarwa, ba a barin kowa ya ɗiba yadda ya ga dama. Mafi hikima duka, akwai rumbun da ake liƙewa ba a taɓa shi sai damina ta faɗi, lokacin da ake aikin gona ana bukatar ƙarfi, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. A tsakanin nan samarin gida su tafi cin rani Kano ko Legas ko Fatakwal, su rage wa tukunya nauyi, su dawo da kuɗin taki. Wannan kasafin kuɗi ne cikakke, mai kuɗin shiga da na fita da ajiyar ko-ta-kwana, sai dai ba a takarda yake ba.

Ɓangaren mata ya ma fi ban sha'awa. A gidan da aka san ciwon kai, me ake zubarwa? Dusa ta awaki ce. Ƙanzo a jiƙa shi ya zama abin kari. Gyaɗa a matse mai, tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli, harawa ta tafi ga tumaki. Karan dawa ya zama danga da makamashi, tokarsa ta shiga girki, kashin dabbobi ya koma gona. Lokacin da kuɓewa da tumatir suka yi araha a yanka a shanya, ga busasshiyar kuɓewa ga kauɗa har bazara. Kuka da kalkashi da daddawa ba sa bukatar firji. Kuɗin da ta samu a ƙuli-ƙuli ko ƙosai ba ta barinsu a gefen zane su narke; ta zuba adashe, in ta kwasa ta sayi 'yar akuya, akuya ta haihu, ranar da ciwo ya zo ko aure ya taso a kai ɗaya kasuwa. Ban ga abin da littattafan tattalin arzikin da ake koya mana suka ƙara a kan wannan ba, in banda sunaye masu tsawo.

Kada a ɗauka yabon ƙauye nake yi ido rufe. A cikin rumbun nan akwai wani darasi mai ɗaci. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina cikin shekarun 1960, ta fitar da littafi a kan garin a 1972. Daga cikin abin da ta nuna akwai yadda ƙaramin manomi ke sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ya fi araha, saboda bashi ko wata larura ta matsa masa, sa'an nan ya dawo da damina ya sayi irin hatsin nan da tsada daga hannun mai hali da ya iya ajiyewa. Duk ɗan ƙasar Gaya ya san wannan ba sai Baturiya ta faɗa masa ba. Mun ga wanda ya ci bashin buhu da marka ya biya da ninki da kaka. Watau talauci tsada gare shi. Wanda ba shi da shi ya fi kowa biya.

To, ɗan'uwa mai karatu, wannan doka ita ce ke cin ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci a birni, sai dai mu da yawa da hannunmu muke miƙa wuya. Buhun hatsi kwano 40 ne. Wanda ya sayi buhu ya fi wanda ya sayi kwano samun sauƙi, mai kwano ya fi mai gwangwani, mai gwangwani ya fi mai ƙullin leda. Kowane mataki akwai ɗan kasuwar da ya ɗora ribarsa, kuma halalinsa ce. Ɗalibi kuwa a matakin ƙarshe yake zaune: ƙullin mai, ƙullin sukari, ƙullin omo, taliyar leda ɗaya-ɗaya, ruwan leda ɗaya-ɗaya. Wani rashi ne ya sa shi haka, babu abin cewa. Amma wani an turo masa kuɗin wata guda a dunƙule, ya yi kwana biyar yana cin shinkafa da kaza a shago, sauran kwana ashirin da biyar ya koma ƙulli da bashin mai shayi. Udoji ke nan ƙarami, sau goma sha biyu a shekara.

Haka ƙaramin ma'aikaci. Albashi ya shigo ranar 28, ranar 5 ga wata ya ƙare. Mai kantin unguwa ya buɗe masa shafi a littafinsa, mai kanti kuwa ba ya ba da bashi a farashin kuɗi hannu. Wata na zuwa rabin albashin na mai kanti ne tun bai shigo ba. Mece ce marabarsa da manomin da ya cinye hatsinsa tun yana gona?

Akwai kuma ƙananan ɓeraye da ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Je wurin mai POS ka cire naira 2,000 ya caje ka naira 100, ka ba da kashi 5 cikin ɗari na kuɗinka ke nan don kawai ka riƙe su a hannu. Wanda ya cire albashin 71,000 ta wannan hanya, dubu biyu-biyu, zai bar wajen naira 3,500 a teburin mai POS kowane wata. Ga katin waya da data, wanda a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗinsu da kashi 50 cikin ɗari. A ce ɗalibi na sayen datar naira 300 kullum. Naira 9,000 ke nan a wata, kusan rabin alawus ɗin rancen da aka ba shi. In karatu ake yi da ita, madalla. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, rabin dare a ɗakunan kwananmu ba laccar kowa ake kallo ba. Kuma a tuna alawus ɗin nan rance ne, za a fara cirewa daga albashi shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Wanda ya ci bashi ya kalli rawa a TikTok, zai biya kuɗin rawar yana da mata da 'ya'ya.

Amma duk waɗannan ƙanana ne in aka gwada da babbar kafar da kuɗinmu ke zurarewa, watau gudun raini. Ɗan boko ba ya tsoron yunwa kamar yadda yake tsoron a ce ba shi da shi. Daga nan ne anko ya samo ƙarfinsa. 'Yar'uwa ɗaliba, ƙawarki za ta yi aure, an fitar da atamfa ta kamu, leshi na dina, wani yadin na yini. Ga ɗinki, ga gudummawa, ga kwalliya, ga kuɗin mota. A zango ɗaya ƙawaye uku suka yi aure, kuɗin rajistarki sun tafi a kan tufafin da ba za ki sake sa su ba, don kowa ya riga ya gan su a hoto. Mu maza ba mu da bakin yi muku dariya: shadda ce, hula ce, takalmi ne, waya ce da ake canzawa ba don ta lalace ba. Yanzu har gama jarrabawar ƙarshe ta zama biki mai farar riga da dina da mai hoto, alhali sakamako bai fito ba. Yaron da ubansa ya sayar da buhun wake biyu ya biya masa rajista, shi ne zai ji kunyar a gan shi da garin kwaki da ƙuli-ƙuli a ɗaki. Da yawanmu a Ƙofar Wambai muke sayen rigunanmu, amma sai mu goge su mu ce daga kanti suke. Wa ake ruɗa? Wanda kake ɓoye wa shi ma can ka gan shi jiya yana ɗaga wando yana dubawa.

In gudun raini ya haɗu da aljihu wayam, sai a shiga neman kuɗin banza. A Disambar 2016 MMM ta rufe da kuɗin mutane. Aka ce an yi hankali. A Afrilun 2025 CBEX ta maimaita, kuma cikin waɗanda suka yi kuka har da masu digiri. Ga cacar ƙwallo da ta shiga wayar kowa, ga masu ba da rance ta waya da ruwa mai kisa, waɗanda in ka makara su aika wa duk lambobin da ke wayarka cewa kai ɓarawo ne. Tsohuwar da ke zuba adashe a Toranke ba za ta taɓa miƙa kuɗinta ga wanda ba ta san gidan ubansa ba. Mu da muka karanta lissafi mu ne ke yarda cewa kuɗi na ninka kansu cikin wata guda.

Wajibi ne in raba tsimi da rowa, domin masu almubazzaranci sun daɗe suna fakewa da wannan ruɗani. Ƙaramin ma'aikacin da ke Sakatariyar Audu Baƙo, in daga ƙauye ya fito, ba shi kaɗai ke cin albashinsa ba. Ƙane na makaranta, inna ba ta da lafiya, an yi haihuwa, an yi rasuwa, baƙi sun sauka don ganin likita. Wasu masu ba da shawara irin ta littattafan Turawa sukan ce a yanke duk wannan, kowa ya ji da kansa. Ban yarda ba. Zumuncin nan shi ne inshorar da muke da ita, kuma da shi aka yi wa yawancinmu karatu. Wanda ya toshe kunnensa ga ciwon mahaifiyarsa don ya tara kuɗi marowaci ne, ba mai tsimi ba. Abin da nake gani shi ne, mai tsimi shi ke iya zumunci. Maigidan da ya liƙe rumbunsa da rani shi ne maƙwabta ke samun kwano a wurinsa da marka. Wanda ya ƙarar da albashinsa a kan shadda da ɗaukar nauyin abokai a wurin mai nama, ranar da aka bugo waya daga gida sai ya kashe wayar. A ware wa gida kasonsa tun ranar albashi, a faɗa musu iyakarsa ba tare da kunya ba. Da yawa daga cikin buƙatun da ke zuwa daga ƙauye, babbar rigar da muke sawa ranar salla ce ta gayyato su.

Saura tambaya mai wuya: in an tsimin, a ina za a ajiye? A shekarar da tsada ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kamar yadda aka ƙididdige a Disambar 2024, wanda ya ajiye naira 100,000 a asusu shekara guda ya fasa ya tarar da abin da bai fi ƙarfin 74,000 ba. Wanda ya ɓoye takardun kuɗi a gida kuma ya ga abin da canjin kuɗi ya yi wa mutane a farkon 2023. A irin wannan yanayi dabarar ƙauye ta fi: a mayar da kuɗi abin da za a ci ko abin da zai haihu. Ma'aikacin da ke da 'yan'uwa a Toranke, me zai hana ya aika da kuɗi da kaka a auna masa gero da wake na wata shida, ko a saya masa tunkiya a bar ta a gida? Wake ma da ake tsoron ƙwari, akwai buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ke hana iska shiga, ba sai an zuba masa guba ba.

Sai dai a yi hattara, tanadin abin da za a ci daban, ɓoye abinci don ya yi tsada daban. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta garƙame wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci. Bayan haka, a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu hatsi na wani lokaci, kuma cikin 2025 farashin hatsi ya faɗi ƙwarai, har waɗanda suka ci bashi suka tara buhuna suna jiran riba suka tafka asara, manoma kuma suka koka. Wanda ya sayi abin da gidansa zai ci bai yi asarar komai ba, tuwonsa ya ci. Ma'aikacin da ya mai da kansa ɗan kasuwar hatsi dare ɗaya da kuɗin rance, shi ya ji jiki.

Wasu daga cikinmu sun riga sun yanke shawara cewa maganin duk wannan shi ne a bar ƙasar, kuma Kanada ce a bakin kowa. Ba na hana kowa tafiya. Amma ya kamata mai shirin tafiya ya san cewa a Janairun 2024 Kanada ta ɗaga kuɗin da take so ɗalibin waje ya nuna yana da su don zaman shekara guda daga dala 10,000 zuwa dala 20,635 na ƙasar, saboda ta ga ɗalibai na zuwa suna faɗawa cikin wahala. Ƙungiyar rumbunan ba da abinci kyauta ta ƙasar ta ƙirga ziyara fiye da miliyan 2 a watan Maris na 2024 kaɗai. A watan Mayu na wannan shekara dubban mutane suka ƙaurace wa kantunan kamfanin Loblaw don nuna fushi a kan tsadar abinci. Mutumin Kanada mai matsakaicin hali yakan duba takardun talla ya gwada farashin kantuna kafin ya fita, ya sayi kaya da yawa lokacin rangwame ya daskarar, ya tafi ofis da abincinsa a kwano, ya sa gwanjo ya kuma faɗa da bakinsa cewa gwanjo ne. Watau abin da inna ke yi da kauɗa shi yake yi da firji. Wanda ya kasa ɗaukar ɗumame zuwa aji a Kano, can ma sai ya koya, cikin sanyi kuma.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin Kanada wani ne daban. A 1897 wani magatakarda a majalisar dokokin ƙasar, Alphonse Desjardins, ya ji labarin mutumin da kotu ta ce ya biya ruwa kusan dala 5,000 a kan rancen dala 150. Abin ya dame shi, har a Disambar 1900 ya kafa asusun haɗin gwiwa a garinsu Levis, a lardin Kebek, inda talakawa ke tara ɗan abin da suke da shi suna ranta wa juna. Ranar da aka buɗe, a Janairun 1901, wanda ya fara zubi senti 10 ya kawo, abin da aka tara duka a yinin dala 26 da senti 40. Wannan asusu shi ne ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin kuɗi na Kanada. In ka cire rajista da dokoki, me ya rage in ba adashe ba? Bambancin shi ne su masu ilminsu sun ɗauki dabarar talakawa da daraja, suka rubuta mata ƙa'ida. Mu masu ilminmu dariya muke yi wa uwar adashe.

Saboda haka ga abin da nake nema daga Ƙungiyar Ɗalibai, kuma ba ya bukatar izinin kowa a Abuja. A kafa kwamitin sayen abinci tare. Ɗalibi ɗaya ba ya iya sayen buhu, amma ɗalibai 20 kowa ya kawo kuɗin kwano biyu sun sayi buhu. Muna da 'yan Toranke da Gaya da Wudil da Ringim a cikinmu waɗanda suka san kasuwannin ƙauye, suka san mudun da ba a bubbuge gindinsa ba, suka san direban da zai ɗauko kaya da sauƙi. A fara da abin da ba ya lalacewa da wuri: wake, shinkafa 'yar gida, garin kwaki, man gyaɗa, busasshen barkono. Ƙungiya ta roƙi hukumar makaranta ɗaki guda mai makulli. Ƙananan ma'aikata ma suna iya yin haka a ofisoshinsu, su da suke da albashi mai rana.

Na san inda gizo ke saƙa. Kuɗin jama'a a hannun ɗalibi abin tsoro ne, kuma ba yau aka fara jin kuɗin ƙungiya sun yi ƙafa ba. Don haka kada a tara kuɗi a ajiye. Ranar da aka karɓa a rubuta sunan kowa da abin da ya kawo, a manna a allon sanarwa. Washegari mutum uku daga sassa daban-daban su tafi kasuwa. Ranar da kaya suka iso a auna a gaban kowa, a manna rasit kusa da sunayen. Kada shugaban ƙungiya ko ma'ajinta su shiga cikin masu zuwa kasuwa. In buhu biyar na farko suka tafi daidai, mutane da kansu za su zo. In aka ci amana, asarar ba ta wuce kwano biyu a kan kowa ba, kuma an san wanda za a kama.

A makon ɗalibai kuma, maimakon a ɗauko ɗan siyasa ya zo ya yi mana alkawari ya tafi, a gayyato uwar adashe guda da wani dattijon manomi daga ƙasar Gaya, a ba su lasifika awa ɗaya, su bayyana mana yadda ake raba dami ɗari ga bakuna goma sha biyu har wata kaka, mu kuma mu zo da biro da takarda. Sabon wake yakan fara cika kasuwa wajen watan Nuwamba, gero ma kafin nan. In za a yi, sai kwamitin ya zauna tun farkon zangon karatu, a san yawan masu shiga kafin farashi ya juya.